Na yi mata waƙa, ta ce ɗinkin kanti ne

Admin: Wani ɗan'uwa daga Gombe ne ya turo wannan, ya ce a sakaya sunansa. A ba shi shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni tela ne, shagona yana wajen Tsohuwar Kasuwa a nan Gombe. Tun ina sakandare nake ɗan taɓa rubutun waƙa a bayan littafi, amma ban taɓa shiga situdiyo ba sai wannan karon. Aurena saura mako 6 in Allah ya kai mu. Burina tun da daɗewa shi ne ranar kamu a sa waƙar da na rubuta da hannuna na rera da bakina, ba irin wadda ake saye a cusa sunan ango da amarya a ciki ba.

Kusan wata guda na yi ina rubutu, baiti 9 da amshi. Na kai wani situdiyo na biya naira 30,000, aka ɗora kiɗa, aka gyara murya, har da na ji sai da na ce anya ni ne kuwa. Ga amshin:

Ke ce hasken idaniya,
Ke ce sanyin zuciya,
Tauraruwa mai haska duniya,
Ba ni da kamarki, gimbiya.

Sauran ma haka suke tafiya: zuma, madara, farin wata sha kallo, rabin raina, in babu ke sai kabari.

Ranar Juma'a da na je zance na kunna mata a waya, ƙanwarta tana gefe. Ta saurara har ƙarshe, minti 7 cur, tana murza bakin hijabinta. Da ta ƙare ta ce ta gode, murya ta yi daɗi. Ta ɗan yi shiru, sai ta ce, "Amma wa ka yi wa?" Na ce wane irin wa na yi wa, ga sunanki har sau huɗu? Ta ce, "Cire sunana ka sa na Adda, daram zai zauna. Wannan ai ɗinkin kanti ne, duk wadda ta saka zai shige ta. Kai da ba ka yanka yadi sai ka yi awo." Tana dariya ta faɗa, ƙanwar ta tuntsire, ni ma na yi yaƙe. Amma wallahi daren nan ban runtsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, gaskiya ta faɗa. Shekara 3 muna tare, ina son ta har ga Allah, amma da na ɗauki biro sai maganganun wasu su riƙa zubowa. Ku taimake ni. Yaya ake rubuta waƙar soyayya mai sauƙi wadda za ta shiga rai? In gyara wannan ne ko in yar da ita in sake sabuwa? Kuɗin da na kashe kuma sun tafi ke nan?

Ɗan Bolari: Ango, ka riƙe yarinyar nan hannu bibbiyu. Wata da cewa za ta yi "wayyo ka sa ni kuka", ta je ta kunna wa ƙawayenta su yi ta yi maka dariya a bayan ido.

Malamin Hausa, Bauchi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari in yi canke. A cikin baitocin nan 9 da ba ka nuna mana ba akwai sarauniya, akwai gaskiya, akwai lafiya, in ta ƙure maka ma har da tsintsiya. Na canka?

Ba kai kaɗai ba ne. Kalmomi masu ƙarewa da "iya" suna da yawa a Hausa, ga daɗin ja a baki, shi ya sa kusan duk sabon mai waƙa sai ya faɗa wannan ramin. Daga lokacin da ka sa "idaniya" a ƙarshen layin farko, amsa-amo ya karɓe linzami daga hannunka. Shi yake gaya maka abin da za ka ce a layi na biyu da na uku, kai kana bi. Ba zama ka yi ka dubi yarinyar nan ka ga ta yi kama da tauraruwa ba. "Duniya" kake nema, tauraruwa ta biyo ta a matsayin 'yar rakiya.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ajiye waƙa gefe tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta da zance na yau da kullum, kamar kana ba abokinka labari a kan bencin ƙofar shago, abu biyar da ta yi ko ta faɗa waɗanda kai ne ka gani. Kada ka sa kyanta, kowa ya ga kyanta, har mai kayan miya na layinsu. Wace rana ce, a ina, me ke hannunta, me ta ce. In ka gama sai ka zaɓi ɗaya tak. Waƙar soyayya ba lefe ba ce da za a ce sai an cika akwati. Amsa-amo kuwa shi ne na ƙarshen zuwa, bayan ka san abin da za ka faɗa.

In ba sirri ba ne, ba mu guda ɗaya a nan mu gani.

Mai tambaya: Malam ka canka. Tsintsiya ce kawai babu, amma akwai rijiya.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙaramar Sallar da ta wuce ce. Duk tela ya san goman ƙarshe na azumi. Na karɓi ɗinki fiye da ƙarfina, ga ɗauke wuta, yarona guda kuma ya tafi gida Dukku ba sallama. Atamfarta tana cikin na farkon kawowa, tun kafin a ga watan azumi, amma na ce tata ai ta gida ce, bari in sallami na waje. Kullum bayan asham ƙaninta zai kawo mini kunun gyaɗa a fulas, ta ce in ajiye na sahur. Ko sau ɗaya ba ta aiko shi da tambayar ɗinki ba. Daren Salla har aka kira asuba ina kan keke, atamfar tana nan a leda, ko alli ban sa mata ba. Na kasa kiran ta.

Da yamma ta zo gaida Innata tare da ƙawayenta, da ma akwai zumunci tsakanin gidajenmu. Kowacce da sabon ɗinki, biyu daga cikinsu ma ni na ɗinka musu, ita kuwa ta sa na bara. Ina ɗaki na kasa fitowa, ina jin ta a tsakar gida tana dariya da yaran gidanmu tana raba musu alawa. Wata ƙawar ta ce, "Ke da tela, ke ce da tsohon ɗinki?" Ta ce, "Wannan ya fi zauna mini, ai shi ma shi ya ɗinka." Har yau ba ta ta da zancen ba.

Ban taɓa ɗauka wannan abin waƙa ne ba. Ni kunyarsa ma nake ji.

Malamin Hausa, Bauchi: Allahu Akbar. To ga waƙarka nan, ka bar ta a leda tare da atamfar, ka tafi sama neman tauraruwa.

Ɗan Bolari: Tambaya ɗaya ce da ni. Atamfar an ɗinka ko tana nan a ledar?

'Yar Kumo: Na karanta wa Goggona wannan tana tsinke zogale, ta ce lallai sai na rubuta maka abin da za ta faɗa. Ta ce a gaya wa yaron nan, su a zamaninsu da farin wata a dandali suke gaɗa, ba ganga ba komai, tafi ne kawai, ɗaya ta bayar sauran su amsa. Kuma ba a kama sunan saurayi, abin kunya ne. Sai dai a ce mai farar hula, ko mai keke, ko na bakin kasuwa, amma duk dandalin an san wanda ake nufi, shi ma yana can gefe cikin samari ya san da shi ake, ya sunkuyar da kai. Ta ce yanzu an koma sai an kira suna sau goma domin ba a saka komai na mutumin a cikin waƙar ba, in ba a kira suna ba ba mai gane ta wa ce. Ta ce wai har "ayye nanaye" ɗin da kuke kiran waƙoƙin fim da shi, a bakinsu kuka tsinta.

Ta kuma ce mu nan akwai filako. Matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta ba, ba ƙin sa take yi ba. Yarinyar da ta aiko kunu kwana goma ba ta tambayi ɗinkinta ba, ta riga ta gama yi maka tata waƙar, kai ne ake jira da amshi. Ni dai saƙo na isar.

DJ na Jekadafari: Ku yi haƙuri, ni zan saɓa muku. Shekara 11 ina harkar biki, daga cikin gari har Bajoga, Deba, Kaltungo, ba inda ban kai sifika ba. A filin kamu ba mai sauraron baiti. Mata suna jira ne su ji sunan amarya, sunan uwar amarya, ƙawaye, gwaggwannin ango, kowa a kira ta ta fito ta yi liƙi. Zuma da madarar da kuke rainawa su ne kowa ya riga ya sani, shi ya sa daga ji ɗaya ake kama amshi a hau rawa. Da tsohuwar zuma ake magani, Malam. Ka sa waƙar da sai an yi shiru an bi labari kafin a gane ta, wallahi fili zai mutu a hannunka, mata su koma kan kujera suna danna waya, a ce DJ bai iya ba. Waƙar da ya yi ba ta da laifi. Minti 7 ɗin ne kawai ya yi yawa, a yanke ta.

Malamin Hausa, Bauchi: Ban musa maka ba, kai ne a fili. Wanda ya fara ce wa mace "rabin raina" ya yi magana mai nauyi, yawan hannu ne ya goge ta kamar tsohuwar takardar kuɗi, amma har yanzu ana kashe ta. Sai dai ɗan'uwan nan ba fili ne ya ce masa ɗinkin kanti ba. Mutum ɗaya ce, kuma dominta ya yi.

Mai Fiyano, Wunti: Ni aikina ke nan, ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya a Bauchi, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki, domin ka san abin da za ka nema in ka koma.

Yawancin masu zuwa mana takarda kawai suke kawowa, ba su da kari. Mu kuma muna da kiɗa a ajiye cikin kwamfuta, wanda muka riga muka haɗa. Sai mu buɗe ɗaya mu ce hau. Kalmominka ne za su lanƙwasa su bi kiɗan, inda suka gaza a ja su, inda suka yi yawa a haɗiye. Shi ya sa kake jin waƙoƙi da yawa kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Salon ya samo asali ne tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1990, aka koma haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha, karin da yawa kuma daga finafinan Indiya aka kwaikwayo. Yana da daɗinsa, da shi muke ci. Amma ba a kan bakinka aka yanka shi ba.

Saboda haka kada ka dawo situdiyo sai kana da karinka. Ka rera a shago kana aiki, ka yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ka ɗauka a waya, murya zalla. In ka kwana ka tashi ba ka iya tuna karin ba sai ka kunna waya, bai yi ba, sake wani. In ka ji yaron shagonka yana yin sa da fito bai san yana yi ba, ya yi. Wannan rikodin ɗin za ka kai wa mai kiɗa ka ce ya bi ka, kada kai ka bi shi.

Ka ce a rage kaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi zamaninsa: tsirkiya ɗaya, gwangwani da fata. Ba a taɓa cewa kiɗan ya yi masa kaɗan ba, domin maganar ce a gaba. Kai ma sauti biyu ko uku sun ishe ka, mai taushi, a hankali. Kuma ka ce a sassauta injin gyaran murya. Kai da bakinka ka ce da ka ji sai da ka tambayi kanka ko kai ne. To ita ma abin da ta ji ke nan. Muryar da ta saba ji a waya da daddare take so, ko da ta ɗan karkace a wani wuri.

Baiti uku sun isa, amshi layi biyu, duka kada ta wuce minti huɗu. Fara da amshi. Ka bar wurin numfashi tsakanin layi da layi, sababbi suna tsoron shiru sai su cika ko'ina da magana. Kada ka yarda a ɗauko maka mawaƙiya ta riƙa amsa maka da "ni ma ina son ka masoyi". Kuɗi ne ƙari, kuma sa mata magana a baki ne, ita da ba ta ce komai ba, ai rashin cewar ne waƙar.

Wata shawara kyauta: in kekenka na takawa ne, irin Butterfly ɗin nan, ɗauki ƙararsa a waya na ɗan lokaci ka kawo. A buɗe waƙar da shi kafin kiɗa ya shigo. Bugunsa daidai yake tafiya, zai iya zama ma'auninka ma.

Batun kuɗi, ka koma inda ka yi ta farko ka tambaya ko aikin yana nan a kwamfutarsu. In yana nan, yanke ta ba wani aiki ba ne, kuma tsohon kwastoma ba a yi masa farashin baƙo.

Abu Ammar, Pantami: Ban zo da fatawa kan kiɗa ba, malamai sun yi bayani kuma kowa ya san inda ya tsaya. Abu biyu kawai. "In babu ke sai kabari" ka cire shi, ba gaskiya ba ne kuma ba maganar Musulmi ba ce, rai da ajali ba a hannunta suke ba. Na biyu, kada ka siffanta jikin matarka a gaban taro, abin da sababbin mawaƙa suka mayar ado. Labarin kunun nan ba abin da ke cikinsa sai kyan hali, shi kuwa yabonsa alheri ne. In ka ga dama ma ka rera ba kiɗa, rubutacciyar waƙa da ma haka iyayenmu suka san ta. Allah ya sanya albarka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kwana biyu ban leƙo ba, ina kan abin. Na yi yadda Malam ya ce, na rubuta da zance tukuna. Ga abin da ya fito, a kan keke na samu karin:

Na ɗinka wa kowa kaya,
Naki ne na bari baya.

Ga kunu hannun ƙaninki,
Babu ko tambayar ɗinki.

Ran Salla kin sa na bara,
Kina dariya da yara,
Ni ko na kasa fitowa,
Kina ta rabon alawa.

Layi biyun farko su ne amshi. Amma ina jin kamar ya yi tsirara da yawa. Ba kalmar so ko ɗaya a ciki. Anya ba za ta ce wannan kuma ba waƙar soyayya ba ce, ban-haƙuri ne?

Malamin Hausa, Bauchi: Yanzu ka yi awo. Cire sunanta ka sa na Adda mu gani, ai ba ma sunan a ciki, kuma ba wadda zai shiga sai ita.

Bari mu duba ɗinkin ta ciki. Na ƙirga, kowane layi gaɓa takwas ne, ko da gangan ka yi ko keke ne ya yi maka. Amma a Hausa ƙirga kaɗai ba ya isa, domin gaɓa tana da nauyi. Akwai doguwa, irin "ko" da "wa" na "kowa", ko "ɗin" na "ɗinka". Akwai gajeriya, irin "ba" na "bari". Malaman da suka rubuta waƙa da ajami a kan wannan suka gina ma'auninsu, suka ɗauko awon Larabawa suka ga ya hau Hausa. Layinka na farko dogaye sun fi yawa, yana tafiya a natse. Na biyu ya fi shi yawan gajeru, zai nemi ya ruga ya bar ka. Kada ka canza kalma, ina son sa haka. Ka dai ɗan tsaya bayan "naki ne", ka ja numfashi, sannan ka sauke "na bari baya". Tsayawar nan ita ce kunyar.

Inda nake so ka buɗe kunne sosai shi ne "kin sa na bara". Bara ta shekarar da ta wuce, "ba" ɗin dogo ne, murya tana farawa ƙasa sannan ta hau. Bara ta almajiri, "ba" ɗin gajere ne, murya tana farawa sama sannan ta sauko. A rubuce iri ɗaya ne, a baki ba haka ba. In karin waƙarka ya gajarce "ba" ɗin ya ɗaga shi, ka ce wa amaryarka ta sa kayan bara ranar Salla. Haka "wuya": na sha wuya daban, wuyan riga daban, kai ka fi ni sanin na biyun. Wannan ne abin da Mai Fiyano yake nufi da kada ka hau kiɗan da aka riga aka yanka. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Faɗi layin da magana, a hankali, ka ji inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan ka rera. In karin ya bi hawa da saukar maganar, ya yi. In ya yi gaba da su, karin za a gyara.

Wani ɗan abu na gefe. Mu nan Bauchi, da an bar mu da bakinmu, "na ɗinka kaya ma kowa" za mu ce. Kai ka yi irin ta Kano domin "kaya" ta faɗo ƙarshe ta haɗu da "baya", kuma daidai ne. Amma in wani wuri bakin gida ya fi zauna maka, kada ka ji tsoronsa. Da shi kake zance da ita.

Batun kalmar so, ni da zan bar ta a waje. Wanda ya tuna kunu da alawa bayan wata da watanni ba sai ya rantse ba.

Mai Fiyano, Wunti: A nan na rabu da Malam. Ka sa ta, sau ɗaya, a layin ƙarshe, bayan kiɗa ya tsaya. Ba ado, ba gimbiya, yadda za ka faɗa da baki. Na ga mutane da yawa a ɗakin nan, layin da ya fi ba su wahala shi ne wanda ba su da abin ɓuya a bayansa. Kuma mace tana so ta ji, ko da ta sani. Baiti na uku kuma har yanzu babu. Biyun farko sun faɗi abin da ya wuce, na ukun ya dubi gaba. Alkawari ɗaya ƙarami wanda za ka iya cikawa, ba gida a Dubai ba.

Maman Biyu, Azare: Maza kun yi ta gyaran gaɓa da kari, ba wanda ya tuna inda za a sa waƙar. Ƙanena, don Allah kada ka kuskura ka sa wannan a filin kamu. Ka san bakin mata a biki? Kafin a watse an sa mata suna, amaryar da ta yi Salla da tsohon kaya. Gwaggwanninta za su ce tun ba a shiga ba ya fara sa ta a baya. Naka dangin kuma za su riƙe cewa mai haƙuri ce, ko me aka yi mata shiru za ta yi, kuma dangin miji ba sa mantuwa. Ita ta rufa maka asiri gaban ƙawayenta, har ta ce shi ya fi zauna mata, kai kuma ka ɗauki lasifika ka tona?

Ni shekarata 14 da aure. Abin da maigidana ya taɓa rubuto mini da ban manta ba layi biyu ne a bayan takardar asibiti, lokacin haihuwar 'yan biyu, kuma ko ƙanwata ban nuna wa ba. Wannan waƙar ta kunnenta ce. Tsohuwar ka ba DJ ya yanke, a ƙara sunayen iyaye mata, a yi rawa a yi liƙi, kuɗinka ba su tafi a banza ba. Sabuwar ka tura mata ita kaɗai. In ita ta ga dama ta fitar, ruwanta.

DJ na Jekadafari: Hajiya ta raba gardama. Ango, a yanke ta zuwa minti huɗu, a cire kabarin nan kamar yadda Ustaz ya ce, kuma ka nemo sunayen gwaggwanni daga bakin mata, kada a manta da wata a shiga uku.

Mai tambaya: Adda, wallahi ban hango wannan ba, Allah ya biya. Na fasa kai sabuwar waƙar situdiyo ma gaba ɗaya, Mai Fiyano ka yafe ni. Jiya bayan na rufe shago na taka keke na rera a waya, sau shida ina gogewa saboda "bara", na bakwai na tura mata. Na sa layin ƙarshen da ka ce, da baiti na uku, amma su ba zan kawo nan ba.

Ta buɗe, na ga alamar ta saurara, sai shiru. Kusan awa ɗaya ina zaune a kan teburin yanka ina kallon waya. Can sai ga saƙo: "Ba alawa ba ce. Cincin ne, ni na soya da kaina. Ka gyara." Bayan minti biyu wani ya shigo: "Kada ka tura wa kowa."

Malam, yanzu ya zan yi? "Alawa" ce take amsa "fitowa". Me ke tafiya da cincin?

Malamin Hausa, Bauchi: Kada ka nemi abin da zai amsa cincin, za ka sake faɗawa rijiya. Mayar da shi farkon layi: "Ni ko na kasa fitowa, cincin kike ba wa kowa." Takwas ne, ƙirga ka gani. In akwai wurin da za ka sa cewa ita ta soya, sa, tunda ta faɗa da kanta.

Ɗan Bolari: Sau biyu ke nan ina tambaya. Atamfar fa?

Mai tambaya: Hamma, tun kwana uku bayan Salla na ɗinka na aika. Hannun ne ta ce ya ɗan matse ta, yana nan a shago zan buɗa shi gobe.